Rufe Ido Ba Ya Cike Rami

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Jos zuwa Bukuru, ya zarce Barikin Ladi, lalle ya ga tuddan jar ƙasa jere dama da hagu, ga kuma manyan kududdufai kwance a gindinsu. Baƙo ya kan tsaya ya yi ta kallo yana tambaya. Ɗan gari kuwa ko waiwaye ba ya yi, gama tun yana goye ya ke ganinsu, har ya ɗauka haka Allah ya halicci wurin. To, ba haka ba ne. Waɗannan tuddai da ramuka aikin hannun mutum ne, su ne gadon da haƙar kuza ta bar mana. Nufina a nan in bayyana yadda aka yi aka same su, da irin ɓarnar da su ke yi, da dalilin da ya sa aka daɗe ana kawar da kai gare su. Daga nan sai mu duba abin da ya kamaci malamin makaranta, domin yawancin waɗanda ruwan nan ke ci 'yan makarantarmu ne.

Asalin ramukan

Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar nan sun san kuza. Maƙeran Ririwai, a kudancin ƙasar Kano, da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauci, su kan narke shi su zuba shi siri-siri kamar tsinke, fatake su saya su kai kasuwanni masu nisa. Irin wannan ne Turawan Kamfanin Neja suka gani, suka yi ta bin sawu suna neman inda ya ke fitowa. Cikin 1902 kamfanin ya aiko wani injiniya mai suna Nicolaus ya duba, cikin 1903 kuma Laws ya biyo baya, ba da daɗewa ba ya kafa bariki a Naraguta. Kafin a yi shekara goma kamfanoni sun cika dutsen nan. Da fari a ka a ke ɗaukar kuza har Loko, bakin Binuwai. Cikin 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Bukuru, cikin 1927 kuma babban jirgi ya shigo Jos ta Kafancan. Da ƙaramin jirgin ya gama aikinsa aka tsai da shi cikin 1957.

Ya kamata mu san yadda a ke haƙar, don a nan ne asalin ciwon ya ke. Kuza baƙin tsaki ne mai nauyi. Ruwan zamanin da ne ya wanko shi daga jikin duwatsu ya tara shi cikin kwarin rafuka, sa'an nan ƙasa ta bi ta binne shi. Na kusa-kusa, kamar na bakin Dilimi, da ƙwarya ma a kan wanke shi a samu. Da wannan ya ƙare sai aka shiga yaye ƙasar sama don a kai ga na ƙasa. Leburori su ka yi ta yi da diga da shebur da kwanon sarki. Daga baya kamfanin NESCO, wanda aka kafa cikin 1929, ya tare ruwa a Kurra ya ba da lantarki, aka kawo manyan injuna masu dogon wuya da ƙaton cokali, waɗanda su kan yi aikin mutum ɗari kafin rana ta take.

To, ga abin lura. Sa'ad da inji ya kafa cokali, baƙar ƙasar sama mai taki ita ya ke fara kwasa ya zubar, sa'an nan ya ɗebo jar ƙasa da yumɓu na can ƙasa ya jibga a kanta. Watau an juya gona an kife ta, abincin shuka yana ƙarƙashi, marar amfani yana bisa. Shi ya sa za ka ga tudu ya shekara hamsin ko ciyawar kirki ba ta rufe shi ba. Ramin da aka bari kuwa, ruwan sama da na ƙasa su cika shi, ya zama kududdufi.

Lokacin Yaƙin Hitila abin ya ƙara tsanani. Farkon 1942 Jafanawa suka cinye Malaya, inda a ke haƙar kuza mai yawa, sai aka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗebo mutane tilas daga lardunan Arewa, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, da yawansu kuwa sanyin dutse da yunwa da cuta suka kashe su. Cikin 1943 abin da aka haƙa ya haura tan 17,000, ba a taɓa kai haka ba, ba a kuma sake kaiwa ba. Bayan yaƙi kuma kasuwar kolumbait ta tashi, wani baƙin tsaki ne ɗan'uwan kuza wanda a da a ke zubarwa, amma Amurka ta shiga sayensa da tsada don yin ƙarfe mai jure zafi na injin jirgin sama. Sai aka koma aka sake tone wuraren da aka riga aka tone.

Doka ta zo a makare

Wajen shekara arba'in ana wannan aiki babu dokar da ta tilasta wa kamfani ya mai da ƙasa yadda ya same ta. Manoman Birom sun yi ta kuka a kan gonakinsu, ɗan kuɗin diyyar da a ke ba su bai kai amfanin gonar da aka hallaka har abada ba. Sai cikin 1946 sabuwar dokar ma'adinai ta fara aiki, wadda ta ba Gwamnati ikon sa mai haƙa ya gyara wurin da ya ɓata. Ƙarshen shekarun 1940 aka kafa wani ɗan sashe na gyaran ƙasar kuza. Su kan baje tudu, su tura shi cikin rami, su dasa itacen turare, da fatan bayan 'yan shekaru ƙasa za ta farfaɗo a mayar wa manomi. Kurmin turaren da mu ke gani nan da can wajen Bukuru daga nan waɗansunsu suka samo asali.

Niyya ta yi kyau, amma an makara, aikin kuma ya yi kaɗan. Masana da suka auna sun ce ƙasar da haƙar kuza ta taɓa ta kai kimanin murabba'in kilomita 320, watau wajen murabba'in mil 120, abin da aka gyara kuwa ɗan ƙanƙanin yanki ne ƙwarai. Daɗin daɗawa, da aka gwada ƙasar da ke ƙarƙashin turaren bayan shekaru, sai aka tarar ba ta yi ƙarfin da a ke zato ba. Turare ya ba da itacen wuta da na gini, amma bai mai da gona ba. Masu iya magana sun ce tun ran gini tun ran zane. Da tun farko an sa kowane kamfani ya keɓe baƙar ƙasar sama gefe guda, in ya gama ya cike raminsa ya shimfiɗa ta bisa, da kuɗin bai kai ya kawo ba, tun da ya ke injin yana nan a bakin ramin, ribar kuza kuma tana shigowa.

Amma riba ba ta dawwama. Kuza mai sauƙin haƙa ya ƙare, man fetur ya ɗauke hankalin Gwamnati, dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa Turawa da yawa suka fara naɗe kayansu. Cikin Oktoba 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe a London, farashi ya faɗi warwas. Manyan kamfanoni suka tsaya, injuna suka yi tsatsa a inda su ke. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan tsuntsun ya tashi, ruwan ya sauka kan waɗanda ba su ja ba.

Irin ɓarnar da ramukan ke yi

Ta fari ita ce hasarar rai. Kududdufin kuza ba kamar tafkin ƙauye ba ne wanda a ke shiga sannu-sannu ruwa yana hawa daga idon sawu zuwa gwiwa. Bakinsa a tsaye ya ke kamar bango, taki ɗaya daga gaɓa mai yiwuwa ne zurfin ya wuce gaba uku. Ruwan yana da sanyi ƙwarai daga ƙasa, mai sanƙarar da gaɓoɓi, gindinsa kuma laka ce mai riƙe ƙafa, gaɓar yumɓu ce mai santsi wadda ba ta kamuwa. Yaro ya je wanka ko kamun kifi, mace ta je wanki, saniya ta je shan ruwa, sai labari.

Ta biyu ƙarancin gona. Jama'a na ƙaruwa, ƙasar noma ta ragu, ga makiyayi shi ma yana neman inda zai sa dabbarsa. Inda ƙasa ta yi kaɗan kuwa, husuma ba ta da wuyar tashi.

Ta uku zaizaya. Tudun da ba ciyawa ba ya riƙe ruwa. Kowace damina ruwa ya kan kwashe jar ƙasa ya zuba cikin rafuka da fadamu, ya yanka kwazazzabai waɗanda ke cin gona da hanya, har gidaje.

Ta huɗu ita ce wadda ido ba ya gani. Cikin dusar da ta rage bayan an tace kuza da kolumbait akwai waɗansu tsakuwoyi masu fid da wani irin haske ɓoyayye, dangin wanda a ke ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Wucewa ta wurin sau ɗaya ba kome ba ne, amma zama da shi shekara da shekaru, ko shaƙar ƙurarsa kullum, yana iya jawo mugun ciwo. Mutum kuwa ya ga yashi mai laushi a banza, sai ya kwasa ya yi yaɓen ɗakin da 'ya'yansa za su kwana.

Ta biyar, da kamfanoni suka tafi, talauci ya tura samari da mata haƙar da a ke kira loto, watau su gina rami kamar rijiya su bi kuza ta ƙarƙashin ƙasa ba tokari. Ƙasa ta kan rufta da su, ramukan da suka bari kuma sun zama sabon tarko cikin ciyawa.

Me ya sa a ke kawar da kai?

Ba wanda zai ce bai ga ramukan nan ba, gama ba abin ɓoyo ba ne. In mun bincika, dalilan shirun guda huɗu ne, kuma su ne dai ke sa a ƙyale kowace irin matsala, ko a gida, ko a makaranta, ko a gari.

Na ɗaya sabo. Abin da ka ke gani kowace safiya ya kan daina ba ka tsoro. Na biyu, mai cin riba dabam, mai ɗaukar hasara dabam. Masu hannun jari suna London, kududdufi yana bayan gidan manomi, saboda haka wanda ke da ikon gyara ba ya jin zafin, wanda ke jin zafin ba shi da iko. Na uku, kowa ya ce ba nasa ba ne. Bisa doka ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne, ƙasa tana hannun Gwamnan Jiha, kuka kuwa ƙofar mai unguwa ya ke zuwa. Akwai dokar ma'adinai ta 2007 wadda ta wajabta wa mai haƙa ya gyara wurinsa, amma wa za a kama a kan ramin kamfanin da ya mutu tun tuni? Na huɗu girman aikin. Mutum ya dubi ɗaruruwan kududdufai ya ce wannan ya fi ƙarfina, a bar kaza cikin gashinta. In yaro ya nutse sai a ce kwanansa ne ya ƙare, a yi makoki a watse, ramin yana nan yana jiran na gaba. Mun manta da abin da iyayenmu ke faɗi, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Darasi daga Aberfan

Kada mai karatu ya zaci wannan hali namu ne mu kaɗai. A ƙasar Wales ta Birtaniya akwai wani ƙauyen masu haƙar kwal mai suna Aberfan. An yi ta jibga dusar kwal a kan dutse bisa ƙauyen, a kan idon ruwa, makarantar yara kuwa tana daidai gindin tudun. Tun cikin 1963 ma'aikatan hukumar garin suka rubuta wa Hukumar Kwal takardu cewa tudun nan hatsari ne ga makaranta. Aka yi kunnen uwar shegu da su. Ran 21 ga Oktoba 1966, da safe, bayan an kwana biyu ana ruwa, yara sun shiga aji ke nan, tudun ya narke ya gangaro ya binne makarantar. Mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara ne. Masu bincike suka ɗora laifin kan Hukumar Kwal, cikin 1969 aka yi dokar duba irin waɗannan tuddai, aka kuma kwashe sauran da ke bisa ƙauyen. Duk abin da aka yi bayan mutuwar yaran, ana iya yinsa kafin su mutu. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Darasi daga kurkunu

Ga kuma misalin abin da ke faruwa in an tsaya an dubi matsala ido da ido. Kakanninmu sun ɗauki kurkunu abin da ba makawa. Mutum ya sha ruwan tafki mai ƙananan ƙwari masu ɗauke da 'ya'yan tsutsar, bayan kamar shekara guda ta ɓullo masa a ƙafa, tsawonta har ƙafa uku, sau da yawa daidai lokacin aikin gona. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Cikin 1988 aka bi ƙauyukan Nijeriya ɗaya-ɗaya aka ƙirga masu ita, aka sami mutum fiye da 650,000. Wannan ƙirga ita ce mabuɗin aikin, gama daga ranar kowa ya san yawan abin da inda ya ke. Sa'an nan aka koya wa mutane su tace ruwan sha da ƙyalle, mai ciwo kada ya sa ƙafa cikin tafki, aka gina rijiyoyi, aka sa mutum guda a kowane ƙauye yana rubuta duk wanda ya kamu. Cibiyar Carter, wadda ta kafa ofishinta a nan Jos, ta ba da taimako, Janar Yakubu Gowon kuma ya yi ta zaga ƙauyuka yana zuga sarakuna da gwamnoni. Mutum na ƙarshe da ya yi kurkunu a Nijeriya an same shi cikin Nuwamba 2008, cikin Disamba 2013 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida an rabu da ita. Ƙyalle da littafin ƙirga da naci, su suka kashe cutar da ta gagari kaka da kakanni.

Ko ramin kuza ma yana juyuwa ya zama alheri. A garin Taiping na Malaya, tun cikin 1880 aka mai da tsohon wurin haƙar kuza lambun shaƙatawa. A nan gida kuma masu lambu sun riga kowa. Sun ga ruwa kwance da rani, suka sa injin ban ruwa, suka yi ta zuba toka da juji da kashin kaji har matacciyar ƙasa ta tashi, yanzu ga kabeji da karas da latas da tumatir ana lodinsu zuwa garuruwa masu nisa. A Rayfield an mai da wani kududdufi wurin hutawa. Sai dai ya kamata likitocin ruwa su riƙa gwada kowane kududdufi kafin a sha ko a sa kifi, don ba duka ne ke da lafiya ba.

Abin da ya kamaci malami

Malami ba shi da injin cike rami, amma yana da allo da alli da yara arba'in masu ido. Ga shawarata.

1. A darasin labarin ƙasa, ka sa manyan yara su zana taswirar ƙauyensu, su sa alama a kan kowane kududdufi da ramin loto da kwazazzabo, da hanyar da yara ke bi kusa da su. Kai za ka jagorance su, kada ka aike su su kaɗai.

2. Ka tambayi dattawa rai nawa da dabba nawa kowane rami ya ci, ka rubuta da shekarar da abin ya faru. Kuka da baki iska ke kwashe shi, amma takarda mai lissafi tana da wuyar musu.

3. A darasin kiwon lafiya ka bayyana musu dalili. In ka ce kawai kada ku je, za su je. In ka zana musu yadda gaɓar ta ke a tsaye, ka gaya musu sanyin ruwan da lakar gindinsa, za su gane, su kuma gaya wa ƙannensu. Hakanan ka gargaɗe su a kan ɗibar dusar kuza don yaɓe ko wasa.

4. Ka kai taswirar da lissafin wurin hedimasta, ku tafi tare wurin mai unguwa da dagaci da taron iyayen yara, daga nan a rubuta wa ƙaramar hukuma. A tafi da ladabi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ba a amsa ba a sake rubutawa, a ajiye kwafi.

5. Ku zaɓi rami ɗaya, wanda ya fi kusa da makaranta, ku fara da shi. A yi gayya a dasa shingen ƙyarana ko sisal a gefen da yara ke bi, a kafa allon gargaɗi, a cike ƙananan ramuka, a dasa ciyawa a bakin kwazazzabo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in ƙauye ya ga an gama da rami guda, zai yi ƙarfin halin taɓa na biyu.

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, wannan hali za mu tarar da bukatarsa tun ranar da muka fara riƙe aji. Bangon aji zai tsage, yaro zai zauna a baya shekara guda bai iya haɗa baƙi ba, wani zai riƙa tari ba ya warkewa, yara biyu za su fara jifan juna da maganar ƙabila ko addini wadda suka jiyo a gida. Kowanne cikin waɗannan ƙaramin rami ne, ranar da aka fara ganinsa shebur guda ya isa. Mu koyi duba abu, mu kira shi da sunansa, mu auna shi, mu kai shi inda ya dace, mu kuma yi abin da hannunmu ya iya tun yau. Yaran da suka ga malaminsu yana haka, in sun girma sun zama sarakuna da injiniyoyi da 'yan majalisa, ba za su wuce rami su kau da kai ba. Allah ya ba mu ikon yi, amin.